Ozella Mai Lamba 47 Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su saba da shiru ba, iyalan Delmus Pruitt na garin Elkhorn Gap, a jihar Karolina ta Arewa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da abokan hamayya, da maƙwabtan da suka gaji da kai ƙara, rasuwar motarsu ta tsere, Ozella, mai lamba 47. Ta rasu ranar Lahadin da ta gabata da la'asar, a filin tsere na Cane Hollow, a gaban jama'a, tana kan aikinta, bayan doguwar jinya. Ta haura shekara talatin a hannun mai ita.

Kafin a ci gaba, iyali na roƙon jama'a su karanta da kyau: mota ce ta rasu. Mis Ozella Tarpley, surukar Delmus, wadda aka sa wa marigayiya sunanta, tana nan da ranta da lafiyarta, ta ba casa'in baya, kuma ranta a ɓace yake. Tun ranar Litinin matan coci ke zuwa ƙofarta da kwanukan soyayyar kaza da kek, suna share hawaye, ita kuma take buɗe musu ƙofa. Wata ta saki kwano ta ruga. Mis Ozella ta ce a gaya wa kowa ba ta da niyyar zuwa ko'ina, amma abincin da aka riga aka kawo ba za a mayar ba.

Ba a iya ba da tarihin marigayiya ba tare da na mai ita ba. A ƙuruciyarsa Delmus ya bi wata babbar ƙungiyar tsere yana canja taya. Yana cikin samarin nan da ke tsallake katanga a guje in mota ta shigo, su durƙusa su kwance taya su ɗaura wata kafin direba ya gama kurɓar ruwa. Ya zaga manyan filaye, ya kwana a bayan tirela, ya ga direbobi suna ɗaga kofi shi yana gefe yana goge hannu da tsumma. Bai taɓa riƙe sitiyari a filayen nan ba. Wata rana mota ta shigo da gudun da ya wuce ƙima ta kwashe shi ta gwiwa, aka maido shi gida yana dogara sanda. Ya sami aikin gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta, ya auri Verna, kowa ya ce Delmus ya natsu.

Sai ya ga Ozella. A gonar wani manomin taba ya same ta, ƙarƙashin bishiya, ba taya ba inji, kaji sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Manomin ya ce ya ɗauka kyauta, da sharaɗin ya gina wa kajin wani akurki. Ya gina, ya jawo ta gida.

Verna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya tana kallo.

"Delmus, mene ne wannan?"

"Mota ce."

"Na taɓa ganin mota a rayuwata. Wannan gwangwani ne mai warin kaji."

"Ki ba ni hunturu ɗaya."

"Na ba ka. In bazara ta zo ba ta tashi ba, ɗayanku zai bar gidan nan, kuma ban ce ita ba."

Shi da Hoyt, ƙanen Verna, wanda bakanike ne tun yana da haƙoran gaba, suka shige gareji. Suka cire gilasai, suka fidda kujeru, suka ƙera mata keji na bututun ƙarfe a ciki, suka liƙe ƙofofi da walda. Inji kuwa tsince-tsince ne daga wurin 'yan gwangwan, wannan daga nan, wancan daga can. Ranar da aka tashe ta karon farko, Mis Ozella ta zo cin abincin rana. Inji ya yi wata ƙara da ta sa tagogin gida rawa, karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin baranda.

Hoyt ya toshe kunne ya ce, "Na rantse, muryar Mama ce sak!"

Daga can baranda, a cikin duk wannan ƙara, aka jiyo: "Na ji ka, Hoyt!"

Da yamma Delmus ya ɗauki fenti ya rubuta sunan a jikin mota. Surukar tasa ta sauko, ta zagaya motar, ta sa tabarau ta duba. Ta ce, "Ka ƙara girman harafin farko. In za a sa sunana, a sa yadda na kujerun baya za su gani."

Marigayiya ta kasance mai gaskiya, ba ta taɓa nuna tana da abin da ba ta da shi ba. Ba fitila, ba ham, ba gilashi, kujera ɗaya tal. Duk mai son shiga sai ya bi ta taga, ƙafa a gaba, kai a sunkuye. A wurinta babba da yaro ɗaya ne. Mai aƙida ce: tsawon rayuwarta hagu take juyawa, zagaye bayan zagaye, ba ta taɓa karkata dama ba sai in an buge ta. Haƙuri kuwa ba a magana. An daki ƙeyarta, an goge haƙarƙarinta, ta sha karo da katangar kwana ta uku har sun san juna. Ta taɓa kifewa ta kwanta rigingine, tayoyi huɗu a sama suna juyi, amma Asabar ta zagayo sai ga ta a layi, da sabon faci da sawun guduma a jiki. Aibinta ɗaya, ba za a ɓoye ba: shan mai. Verna ta sha faɗin cewa da abin da Ozella ta sha a ce labule ne, da ta rufe tagogin garin nan kaf.

Muryarta ce ba za a manta ba. Da sanyin safiya takan fara da tari, kuhul, kuhul, kamar dattijuwar da aka tasa daga barci. Sai ta yi shiru har a zaci ta fasa. Sai ɓam! Sannan ta shiga gurnani, gur-gur-gur-gur, wanda mutum ke ji a tafin ƙafa kafin ya ji a kunne. In ta miƙe a doguwar hanyar baya, murya takan sirance ta zama kuwwa, waaaa, wadda Delmus ke cewa ko cikin motoci ashirin zai tsinto ta ido a rufe.

A nan ne iyali suka ga ya dace a faɗi wata gaskiya, da izinin mai ita. Delmus direba ne na ƙwarai. Ya san jar ƙasar Cane Hollow, ya san inda take laushi bayan tankar ruwa ta wuce, da inda take bushewa ta yi santsi kamar faranti. Ya ci ƙananan tsere da dama. Amma Tseren Rufe Shekara, wanda ake yi da rana a watan Oktoba, mai babban kofi, wanda duk mai mota a yankin ke mafarki, bai taɓa ci ba. Na biyu, na uku, na biyu. Dalili kuwa kowa ya sani. Tsere ne mai tsawo, kuma a ƙarshensa allurar zafin inji kan fara hawa. Da zarar Delmus ya ga ta doshi ja, sai tausayi ya kama shi, ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya fi son ya kai Ozella gida lafiya da ya kai kofi.

Wanda ya fi cin moriyar wannan tausayi shi ne Royce Ledbetter, mai shagon tayoyi, sa'an Delmus, wanda shi inji a wurinsa kamar ashana ne, a ƙyasta a yar.

"Kai Delmus," yakan ce bayan tsere, kofi a hammata, "motar nan aurenta ka yi ko tsere ka kawo ta? Ka riƙa kai ta coci mana, can ake tafiya a hankali."

"Inji nawa ka fasa bana, Royce?"

"Ban ƙirga ba. Ni kofuna nake ƙirgawa."

Delmus ya yi dariya, ya shafa bayan Ozella, ya ɗora ta a tirela. Amma Verna ta ce a irin waɗannan ranaku ba ya cin abincin kirki.

Shekaru suka ja, wuya ya fara ciwo, likita ya ce karo ɗaya mai kyau zai iya ajiye shi a keken guragu. Sai sitiyari ya koma hannun Twyla, 'yarsu tilo, mai aikin walda a wata masana'antar ƙera tirela. Twyla ta gaji idon ubanta a kan ƙasa, amma ƙafarta ta kakarta ce: in ta taka, ta taka. Ranar da ta fara zagaya fili Delmus ya riƙe ƙirji.

Ta fito ta taga tana murmushi. "Baba, ashe haka take gudu?"

"Ba haka take gudu ba. Haka kike azabtar da ita."

Suka yi yarjejeniya. Shi zai tsaya a bakin shinge, a kwana ta uku, da jan ƙyalle a aljihu. In ya ji muryar inji ta canja, ko ya ga hayaƙin da bai yarda da shi ba, zai ɗaga ƙyallen, ita kuma ta sassauta ta fito daga fili, ba musu. Twyla ta yi alkawari, kuma ta cika. Ya ɗaga tana ta uku, ta fito. Ya ɗaga tana ta biyu, ta fito. Akwai ranar da ya ɗaga tana kan gaba. Ta fito, ta cire hular kwano ta ajiye a hankali, ta yi mako ba ta ce masa komai ba sai "miƙo gishiri."

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne a bazarar bana. Ta soma shan ruwa fiye da ƙima. Tarin safiya ya ƙara tsawo. Wani siririn hayaƙi fari ya riƙa bin ta kamar wutsiya. Hoyt ya buɗe inji, ya daɗe yana leƙe, ya miƙe ya cire hula.

"Delmus, ƙwaryar injin ta tsage."

"A liƙe mana."

"An liƙe, an liƙe liƙin. Injin nan mun gyara shi mun gyara gyaran. Ba sauran ƙarfen da zai karɓi wuta."

"Za ta kai ƙarshen shekara?"

"In an lallaɓa ta, har baɗi ma. In an matsa mata, ka nemi baƙar rigar makoki."

Ana cikin haka sai ga wata magana. Wata mata mai suna Lorene Carraway, mai ƙungiyar tsere a kusa da birnin Charlotte, tana neman direba. Ta taɓa ganin Twyla a fili, ta kuma aiko cewa za ta zo Tseren Rufe Shekara ta sake kallo. Abin da ta faɗa, kamar yadda aka kawo shi, gajere ne: yarinyar tana da hannu, amma ba ta taɓa ganin ta ƙarasa tsere ba, kullum sai ta fice ana tsaka da yaƙi. Ita kuwa ba ta ɗaukar direban da ke ficewa.

Twyla ba ta ce wa uban komai ba. Verna ce ta gaya masa, a kicin, tana ɓare wake.

"In ta ɗauke ta, Charlotte za ta koma ke nan?" ya tambaya.

"Can aikin yake."

"To ai nan ma tana da aiki. Ga walda, ga Ozella."

Verna ta ajiye kwanon wake. "Delmus, kana da shekara nawa lokacin da ka bar garin nan ka bi masu tsere? Wa ya tsaya a bakin shinge ya ɗaga maka ƙyalle?"

Delmus ya tashi. Ya fita gareji ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon motar. Lissafin a bayyane yake, ko yaro zai iya. In ya ɗaga ƙyalle ranar Lahadi, Ozella za ta rayu, Twyla za ta ci gaba da zuwa cin abinci kowace yamma, kuma ba mai zarginsa, tunda kowa zai ga hayaƙi da idonsa. In bai ɗaga ba, yana iya rasa su duka biyun a rana ɗaya. Ya ɗauko ƙyallen ya ninke, ya warware, ya sake ninkewa.

Ranar Lahadi gari ya yi kyau, ganyen duwatsu ya yi ja da rawaya. Ana fitowa daga coci aka nufi fili. Ƙamshin gasasshen nama ya haɗu da na mai, yara sun hau bayan motocin ɗaukar kaya, Mis Ozella ta zauna a kujerar gaba da auduga a kunne. Mis Carraway kuwa ta tsaya ita kaɗai da baƙin tabarau, ba ta tafi ba ta ihu. Twyla ta zura ƙafa ta taga, ta leƙo.

"Baba, ƙyallen yana nan?"

"Yana nan."

"To." Ta ja hular kwano ta rufe fuska.

Aka kaɗa koriyar tuta. Motoci suka shiga kwana ta farko a karkace kamar yadda ake yi a kan ƙasa, gindi a waje, hanci a ciki, jar laka na feshi har kan 'yan kallo. Twyla ta fara daga tsakiya. Ta bi ta ƙasa ta wuce biyu, ta hau sama kusa da katanga ta wuce wani. Aka yi karo a baya, aka ɗaga rawayar tuta, aka share, aka sake saki. Kafin a yi nisa da rabin tsere, saura mota ɗaya a gabanta: Royce Ledbetter, furfura a ƙarƙashin hula, ƙafa a ƙasa kamar kullum. Ta bi shi, ta matsa, ta sa hanci a cikinsa a kwana ta biyu, suka gogi juna har tartsatsi ya tashi, ta fito a gaba. Fili ya ɗauki ihu.

Delmus bai yi ihu ba. Shi ya riga kowa ji. A ƙarƙashin kuwwar nan akwai wani ƙaramin sauti, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Zagaye na gaba, farin hayaƙin ya yi kauri ya koma shuɗi.

Hoyt ya damƙi hannunsa. "Ɗaga, Delmus! Za ta buga! Ɗaga mana!"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙyallen. Duk sanda Twyla ta zo kwana ta uku, hular kwanon kan ɗan juyo wajensa. Wannan karon ta juyo ta ga ja a hannunsa. Bai ɗaga ba tukuna, a daidai ƙirji yake, amma ta gani. Sai ta cika alkawari tun kafin a nema: ta sassauta ƙafa.

Muryar Ozella ta faɗi. Waaaa ta koma wuuu. Royce ya wuce fuu kamar an jefa shi.

Wannan faɗuwar murya Delmus ya san ta. Shekaru da shekaru shi yake jawo ta da ƙafarsa. Amma kullum a ciki yake, yana kallon allura, yana ce wa kansa ya kyauta. Yau da ya tsaya ya saurara da kyau, sai ya ji ba ta yi kama da godiya ba. Ta yi kama da mutumin da aka toshe wa baki yana tsakiyar magana.

Ya saki ƙyallen ya faɗi cikin laka, ya taka shi. Ya cire hularsa ya haye ƙarfen shinge, da gurguwar gwiwar da wuyan da likita ya yi gargaɗi a kai, yana juya hular a sama yana ihu: "Taka! Taka, 'yar nan! Ba ta wuta!"

"Ka haukace?" in ji Hoyt.

"Riƙe mini ƙafa, kar in faɗi!"

Twyla ta zagayo a hankali tana shirin ficewa, sai ta ga uban nata a saman shinge yana kaɗa hula kamar mai korar tsuntsaye daga gona. Shaidu sun ce ba su taɓa jin Ozella ta yi irin ƙarar da ta yi a lokacin ba. Ta zabura. Royce ya riga ya ba da rata, zagaye kuma sun kusa ƙarewa, amma ratar ta riƙa narkewa. Hayaƙi ya turnuƙe bayanta har na baya ba sa ganin hanya. Aka kaɗa farar tuta, alamar saura zagaye ɗaya. A kwana ta farko Royce ya tsare ƙasa, sai Twyla ta hau can sama, inda ƙasa ke da ɗan danshi, taya na shafar katanga, ta zagaye shi ta waje. A doguwar hanyar baya ta ba shi tsawon mota uku. Ta wuce ubanta a kwana ta uku ba ta ko juyo ba.

A fitowa daga kwana ta ƙarshe ajali ya cim mata. Ɓam! Wuta ta yi tsalle daga ƙarƙashi, wani guntun ƙarfe ya fasa gefen inji ya tashi sama. Daga nan shiru. Ozella ta ci gaba da gangarawa ba murya, da saurin da ta tara kawai, sai sautin tayoyi a kan ƙasa, shuuu. Royce ya fito daga cikin hayaƙi da dukan ƙarfinsa. Jama'a suka miƙe. Yana cimma ta, yana cimma ta, hancinsa ya kai tayar baya, ya kai ƙofa, ya kai tayar gaba. Tuta mai baƙi da fari ta sauka.

Taƙi ɗaya ne tsakani. Alƙalai sun tabbatar, Royce ma bai yi musu ba. Likitan marigayiya, wato Hoyt, ya ce ko shakka babu ta riga ta cika kafin ta tsallaka layi. Wannan ne karo na farko a tarihin Cane Hollow da gawa ta ci tsere.

Ta gangara ta tsaya da kanta a kan ciyawa. Delmus ya iso yana ɗingishi. Twyla ta fito ta taga, fuska duk baƙin mai da hawaye.

"Baba, na kashe ta."

Ya ɗora tafin hannu a kan murfin inji, zafi ya sa ya janye, ya sake ɗorawa. "A'a. Ni na daɗe ina riƙe da ita. Ke sakin ta kika yi."

Royce ya tako, hula a hannu, karo na farko ba kofi a hammata. Ya daɗe yana kallon ramin da ke gefen inji.

"Delmus, dama tana da wannan gudun?"

"Tun farko."

"To, na gode da ka ɓoye." Ya juya ga Twyla. "Ke kuma yarinya, ki tafi Charlotte ɗin nan ki bar tsofaffi su ci abinci."

Mis Carraway ba ta yi dogon bayani ba. Ta cire tabarau, ta dubi Twyla, ta ce, "Litinin ta sama, da safe. Ki zo da hular kwanonki." Sannan ta miƙa wa Delmus hannu ta ce ta yi masa ta'aziyya. Ya karɓa. Ya ce ba a taɓa yi masa ta'aziyyar da ta dace haka ba, don abu biyu ya rasa a ranar, kuma ba ya so a maido masa ko ɗaya.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, Delmus, wanda har yanzu kan nufi gareji da kofin shayi da safe, sai ya kai ƙofa ya tuna. Ta bar Verna, wadda ta rantse ba za ta yi kuka ba, aka kuma same ta a bayan gida tana fyace hanci, ta ce albasa ce. Ta bar Twyla, da Hoyt, da takwararta Mis Ozella. Ta bar tirela ɗaya mai gurguwar taya, da tulin tsofaffin tayoyi, da tabon baƙin mai a daɓen gareji wanda Delmus ya hana a wanke. Ta bar babban kofi ɗaya, na farko kuma na ƙarshe. Bisa halinta na kyauta, an raba sassan jikinta masu sauran amfani ga mabuƙata: akwatin canja giya ya tafi wurin wasu 'yan uwa biyu da ke haɗa motarsu ta farko, lagireto ya tafi wurin Royce, wanda ya karɓa yana cewa bai roƙa ba. Sitiyari kuwa Twyla ta cire shi da hannunta ta sa a jaka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a filin Cane Hollow. Fasto Tolliver ya ce a iya karatunsa bai ga inda aka ce a yi wa mota addu'a ba, amma zai zo ya yi wa iyali, kuma in marigayiya na kusa ta ji, ba laifinsa ba ne. Za a zagaya da ita fili sau ɗaya, zagayen ban kwana. Delmus zai zauna a ciki, an ara masa sitiyari. Twyla za ta ja da janwe, an kuma roƙe ta kada ta wuce saurin tafiyar ƙafa. Ta ce za ta yi ƙoƙari. Duk mai motar tsere ya zo da ita ya bi baya, a jere, ba wuce juna. In an iso layi, a tsaya, kowa ya taka totur sau ɗaya da ƙarfi, sannan a kashe inji gaba ɗaya.

Daga nan za a ɗaga ta a ɗora a kan rufin rumfar sayar da tikiti, inda masu filin suka ba ta makwanci, ta riƙa ganin duk mai shiga. Za a ci abinci a ƙarƙashin bishiyoyi: kaza, wake, burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Kada a kawo furanni. Mai son taimako ya zo ranar Lahadi bayan coci a taya Twyla ɗaure kaya, don uban ya ce shi zai kai ta Charlotte da kansa, kuma ba zai bari kowa ya riƙe masa akwati ba.

A ƙarshe, Verna Pruitt na gargaɗin duk wanda ke da tsohuwar mota a bayan gida, ko a gona, ko a ƙarƙashin bishiya, wadda yake tunanin rabuwa da ita, da kada ya kuskura ya matso kusa da mijinta a wurin makoki. Mutumin yana cikin jimami, hankalinsa ba ya jikinsa, kuma ta riga ta auna garejin za ta mai da shi ɗakin ɗinki.

Delmus kuwa ya ce mai irin wannan magana ya same shi a bayan rumfar tikiti, bayan an ci abinci.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Sanarwa daga iyalan Pruitt da Tarpley, Elkhorn Gap.